An kulle makarantu, yara ba su daina koyo ba, amma me suka koya?

Maganar da ta fi yawa a bakin iyaye a nan Sudan yanzu, daga Gadarif zuwa Kassala, daga Sinnar zuwa Mai Wurno, ita ce yaranmu sun yi asara, wasu shekara guda ba karatu, wasu biyu, wasu ma har yau ba su koma ba. Gaskiya ne wallahi, ba na musu. Amma akwai wani ɓangare da ba a cika faɗa ba, kuma a ganina shi ne zai nuna mana ta inda za a kama gyaran. Yaro ba ya zama da kai fanko don an sa kwaɗo a ƙofar madrasa, kullum garin Allah ya waye sai ya koyi wani abu, ko a gida ko a kasuwa ko a gaban faki, wato malamin allo, ko a wayar yayansa. Abin tambaya shi ne me ya koya a can, me ya rasa, kuma in ya dawo aji wa zai tambaye shi.

Tun kafin 15 ga Afrilu 2023 ma ba wai muna cikin daɗi ba ne, yara kusan miliyan 7 ne ba sa zuwa makaranta a Sudan. Da yaƙi ya ɓarke, zuwa Oktoban shekarar UNICEF ta ce adadin ya kai miliyan 19, wato kusan a ce duk yaran ƙasar da suka isa makaranta. Makarantun da ba a harba ba suka koma masaukin 'yan gudun hijira, aji ɗaya iyali uku ko huɗu, an rataya zannuwa a tsakani, allo ya zama wurin jingina tabarma. Da Madani ta faɗi a Disamba 2023, sannan Sinja a tsakiyar 2024, mutanen da suka gudo sau ɗaya suka sake gudu karo na biyu da na uku. Shahada Sudaniyya, jarrabawar gama sakandare, ta 'yan 2023 ba a zauna ta ba sai ƙarshen Disamba 2024, kuma da yawa daga ɗaliban Darfur ba su ma samu isa wurin jarrabawar ba. A duniya gaba ɗaya UNESCO tana lissafa yara da matasa sama da miliyan 250 da ke waje da makaranta, to mu kaɗai mun ɗauki kaso mai nauyi a ciki.

To ina yaran suka tafi? Kowa ya gansu ai. Suna tura baro a kasuwa, suna bin karo suna sayar da ruwa, suna riƙe wa uwa tiren tallan ƙosai da gyaɗa, suna taya baba jan taru a bakin kogi, 'yan mata suna wanke kofuna wajen mai shayi ko suna bin layin takiyya, inda ake rabon abincin sadaka, da roba a hannu. Ka tsaya ka kalli yaron da ke tsaron teburin albasa, ɗan shekara goma, kuɗi na canja daraja kusan kowane mako, wani zai biya da takarda wani ya ce zai tura ta manhajar banki ta Bankak, wani ya ce rage mini, yaron nan zai haɗa ya cire ya ba da canji a ka ba tare da ya taɓa biro ba kuma ba za ka cuce shi da jinai ɗaya ba. Amma ka rubuta masa lissafin nan dai a takarda, lamba a kan lamba da alamar ragewa, sai ka ga ya tsaya yana kallonka.

Wannan ba a Sudan kaɗai ake ganinsa ba. A shekarun 1980 wasu masu bincike a birnin Resife na Brazil sun riƙa zuwa wajen yara masu tallan kwakwa da kayan marmari kamar masu saye, suna tambayar kuɗin guda goma, kuɗin guda huɗu, nawa ne canjina, yaran suka amsa kusan duka daidai. Da aka zaunar da su aka ba su lissafi iri ɗaya a rubuce irin na makaranta, ko rabi ba su ci ba. An sake irin wannan bincike a kasuwannin Kolkata da Delhi na Indiya, cikin masu binciken har da Abhijit Banerjee da Esther Duflo da suka samu kyautar Nobel a 2019, aka wallafa shi a 2025, kuma nan ne aka ga ɗaya fuskar: 'yan makaranta da suke cin lissafi a takarda, da aka sa su a wasan saye da sayarwa sai suka rikice. Wato ɗan kasuwa ya iya abu, ɗan aji ma ya iya abu, amma babu wanda ya haɗa musu biyun. Ni abin da ke ba ni takaici shi ne yaron teburin albasan nan zai dawo aji ustaz ya duba littafinsa ya ce ba ya ja, shi kuma ya yarda, alhali kansa ya fi na rabin ajin sauri, abin da ya rasa kawai a nuna masa cewa abin da yake yi a ka shi ne wannan da ke kan allo.

Sai dai kar wani ya ji wannan ya ce to ai shi ke nan, kasuwa ma makaranta ce a bar su. A'a. Akwai abin da kasuwa da gona ba sa koyarwa ko yaro zai shekara ashirin a ciki, shi ne karatu, a ɗauki takarda a karanta a fahimci abin da ta ce. Baki yaro yana tsintarsa da kansa, shi ya sa namu suke tashi da Hausa da Larabci wasu har da Fillanci ba wanda ya zaunar da su, amma harafi dole sai wani ya zauna ya nuna, kullum, a jere, har ya zauna. Kuma lokacin da ya fi kamawa shi ne shekarun farko, shida zuwa tara. Wanda yake shekara shida ranar da yaƙin ya fara, shi ne wanda na fi jin tsoro a kansa, ya fi ɗan sanawi, wato sakandare, da ya rasa jarrabawa, don shi wancan ya riga ya iya karatu zai iya kamo abin da ya wuce shi, wannan kuwa ƙofar ce ma ba a buɗe masa ba.

Kuma zama a aji kansa ba tabbas ba ne. Bankin Duniya tare da wasu hukumomi sun ƙiyasta a 2022 cewa kusan yara 7 cikin 10 'yan shekara goma a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimta, kafin korona kashi 57 cikin ɗari ne, a Afirka kudu da Sahara kuwa ya kusa 9 cikin 10. Mafi yawan waɗannan yaran fa suna zuwa makaranta, da yunifom da jaka. A Indiya ƙungiyar Pratham tun 2005 take bi gida gida a ƙauyuka tana gwada yara, kuma shekara da shekaru sakamakon yana nuna kusan rabin 'yan aji biyar ba sa iya karanta littafin aji biyu. Don haka in mun ce a buɗe makarantu a koma yadda ake a da, to mu sani yadda ake a da ɗin ma ba ta fitar da mu ba.

Bari in daɗe kaɗan a kan khalwa, wato makarantar allo, don ita ce ta riƙe mu. Lokacin da ma'aikatar ilimi ta watse, albashi ya tsaya, littattafai suka ƙone, faki bai tsaya ba, saboda abin da yake buƙata kaɗan ne: allo, tawadar da ake haɗawa da baƙin tukunya da ƙaro, alƙalamin kara, inuwar bishiya, da dare kuma wutar tugaba da ake karatu a haskenta. In an kori gari ya naɗe buzunsa ya bi mutane, inda aka sauka nan zai buɗe. Haka kakanninmu suka yi ai tun bayan yaƙin Burmi a 1903, da jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka biyo ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno har bakin Shuɗin Nilu, ba su zo da gini ba amma sun zo da allo. Kuma sun tarar da ƙasar da ta san abin, ƙasar manyan khalawi irin na Hamashkoreb da Umm Dawwan Ban da Wad al-Fadni. Irin wannan tsari yana nan a wurare da yawa da suna daban daban, mahadara a Muritaniya, dara a Senegal, dugsi a Somaliya, pesantren a Indonesiya, tsangaya a Kano da Borno, duk abu ɗaya ya haɗa su, al'umma ce ke ɗauke da su ba gwamnati ba, shi ya sa ba sa mutuwa in gwamnati ta faɗi.

Akwai kuma wata hikima a khalwa da 'yan boko ba su cika lura da ita ba: babu aji. Kowane yaro da allonsa, wannan yana babbaƙu, wancan ya shiga farfaru, wani yana Amma wani ya kai Yasin, ba a wanke maka allo sai ka biya ka iya, ba ruwan faki da shekarunka. Manyan hiran, wato almajirai, kuma suna biya wa ƙanana. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Mu a Sudan muna da wata sa'a da almajirin Najeriya ko Nijar ba shi da ita. Shi can in ya bar tsangaya zai shiga boko sai ya fara sabon harafi daga farko, daga hagu zuwa dama. Namu kuwa harafin allo shi ne harafin littafin madrasa, bambancin kaɗan ne, kamar wanda ya koya da rubutun Warsh irin na iyayenmu zai tarar ɗigon fa da na ƙaf sun canja wuri, abin kwana kaɗan ne ya saba. Wato duk yaron da ya yi shekara biyun nan a gaban faki ya dawo da rabin aikin a hannu. Amma rabi ne, dole a faɗa. Ya iya furta harafi, ya iya hadda, sai dai ba a saba tambayarsa me wannan jimlar take nufi ba, ba lissafi a rubuce, ba a ce rubuta mini abin da ka gani jiya ba. Sannan akwai abin da ba ma son a taɓa, dukan da ya wuce hankali da bara da yunwa a wasu khalawi na kwana, binciken da BBC ta fitar a 2020 ya nuna yara da mari a ƙafa a cikin ƙasar nan, mun ji ciwo da muka gani kuma wasu sun ce ɓata suna ne, amma wanda yake ƙaunar khalwa da gaske shi ya kamata ya fara cewa a daina, Alƙur'ani ba ya buƙatar sarƙa.

Sai maganar harshe, wadda ni a wajena ita ce ciwon da ya fi shafar mu Hausawan Sudan kai tsaye. Ɗanmu a ƙauyukan Sinnar da Gadarif da Damazin yana tashi da Hausa a ɗakin uwarsa, ya fita waje ya tsinci Larabcin titi, ranar farko a madrasa kuma a buɗe masa littafi da fusha, wato Larabcin littafi, harshe na uku ke nan. Ana so ya koyi karatu, kuma ya koye shi da harshen da bai gama ji ba, aiki biyu a lokaci guda a kan ɗan shekara shida. Na cikin birni ba su cika jin wannan ba don Larabci ya riga ya shige musu, wasu ma Hausar ce take neman kuɓuce musu, amma na ƙauye da na kanabi, wato sansanonin 'yan ƙwadagon gona, a Jazira suna shan wuya, kuma in yaro ya yi shiru a aji sai a ɗauka daƙiƙi ne. UNESCO ta ce kusan kashi 40 cikin ɗari na mutanen duniya ba sa samun karatu da harshen da suke ji. An gwada akasin haka kuma an ga amfaninsa, a Ile-Ife daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci koyar da yara firamare gaba ɗaya da Yarbanci, Turanci yana matsayin darasi, kuma yaran ba su kasa a Turancin ba balle sauran fannoni. Habasha maƙwabciyarmu tun 1994 take koyar da firamare da harsunan yankuna. Mu ma tsarin mulkin wucin gadi na 2005 ya ce duk harsunan ƙasar na ƙasa ne a raya su, amma maganar ba ta shiga aji ba. Ni ba cewa nake a ajiye Larabci ba, Larabci harshen addininmu ne kuma shi ne na jarrabawa da na aiki, wanda ya hana ɗansa shi ya zalunce shi. Abin da nake cewa, a aji ɗaya da na biyu a samu ustaza mai jin Hausa da za ta yi bayani da ita ba tare da ta ji kunya ko tsoron mufattish mai duba makarantu ba, kuma mu iyaye mu daina ganin hakan a matsayin ci baya.

Waya da intanet kam ba zan ɓata lokaci a kansu ba. Da korona ta rufe makarantun duniya a 2020, ɗalibai kusan biliyan 1.6 suka zauna a gida, 'yan uwanmu na Makka da Jidda yaransu sun ci gaba ta manhajar Madrasati da tashoshin Ain, saboda akwai wuta akwai layi. Mu nan a Fabrairu 2024 layin waya ya ɗauke a kusan duk ƙasar, mutane suna biyan kuɗin awa a wajen masu Starlink don su ji ko ɗan uwa yana raye, wa zai ce a yi darasi da wannan? Rediyo ya fi kama da ƙarfinmu, Saliyo ta yi amfani da shi lokacin Ebola a 2014, Ostareliya ma a 1951 ta fara koyar da yaran makiyaya na nesa ta rediyo daga garin Alis Sifirin. Amma ko can akwai babba a gefen yaron yana duba abin da ya rubuta. Na'ura ba ta koyar da ɗan shekara bakwai ita kaɗai.

A ɗaya gefen duniya kuma matsalar juyewa ta yi, karatun wajen makaranta ne ya cinye yaran. A Koriya ta Kudu yaro zai tashi daga makaranta ya wuce hagwon, wato darasin kuɗi na yamma, har sai da hukumar birnin Seoul ta sa dokar a rufe ƙarfe goma na dare. Sin ta hana kamfanonin darasin kuɗi a manyan fannoni a 2021. Waɗanda suka gudu Masar a cikinmu sun ga yadda durus khususiyya, wato darasin kuɗi, ke cin kuɗin gida. Na kawo wannan ne saboda na fara ganin ƙafarsa a nan, mai hali yana ɗaukar wa 'ya'yansa ustaz a gida ko ya sa su makarantar kuɗi, marar hali yana jiran gwamnati, kuma ratar da za a samu tsakanin yaran unguwa ɗaya nan da shekara biyar za ta fi wadda muka sani a da.

To yanzu da ake buɗe makarantu a jihohi, me ake yi? Abin da na fi gani shi ne a duba shekarun yaro ko ajin da ya bari, a tura shi gaba, a matse manhajar shekara cikin 'yan watanni, ustaz yana gudu don ya gama littafi kafin imtihan. Yaron da bai san harafi ba yana zaune a aji uku ana karanta masa nahawu. Wannan shi ne ainihin abin da Pratham ta gano yana kashe karatu a Indiya, kuma maganin da suka fito da shi mai sauƙi ne har mutum ya raina shi: a gwada kowane yaro shi kaɗai na 'yan mintuna, ya san harafi? ya iya kalma? ya iya jimloli? ya iya labari? Sai a raba su bisa abin da suka iya ba bisa shekaru ba, awa ɗaya ko biyu a rana na wasu makonni, wanda ya iya ya matsa rukuni na gaba. An auna tsarin nan sau da yawa a jihohin Indiya an ga yana aiki, Zambiya ta ɗauke shi tun 2016. Ku duba da kyau, ba wannan ne faki yake yi da allo ba? Mu bai kamata ma a zo daga Indiya a koya mana shi ba, a gidanmu yake, makarantar gwamnati ce ta ƙi kallonsa.

Haka ma lokacin karatu. Duk wanda ya san Gadarif ya san in riɗi ya nuna a watan goma ba ya jiran kowa, kwana kaɗan ne ya fashe ya zube, gida gaba ɗaya ake fita, bayansa ga yankan dawa. Yaro zai ɓace makonni, ya dawo an wuce shi, ya ji kunya, shekara mai zuwa ba zai dawo ba sam. A Kolombiya tun 1975 suka fito da tsarin Escuela Nueva don ƙauyukan masu noman kofi, darasi a cikin ƙananan littattafai da yaro ke bi da saurinsa, in ya je girbi ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya ba a ce ya maimaita shekara ba. A Bangaladash ƙungiyar BRAC daga 1985 ta buɗe makarantu masu ɗaki ɗaya, malama daga cikin matan ƙauyen, iyaye ne ke zaɓar awannin karatu, a yankunan ambaliya kuma tun 2002 akwai makarantun cikin jirgin ruwa da ke bi gaɓa gaɓa suna ɗaukar yara. Mu ma a Kurdufan da Darfur an yi makarantun makiyaya masu tafiya da ustaz ɗaya yana bin rugga. Duk waɗannan makarantar ce ta lanƙwasa ta bi rayuwar mutane, kuma ban ga dalilin da zai hana a yi wa 'ya'yan masunta da na kanabi irin haka ba.

'Yan mata su ne za su fi saurin salwanta a wannan tsakanin, don yarinyar da ta bar aji shida tana da sha biyu yanzu ta zama budurwa, gida ya saba da aikinta, masu neman aure sun fara sallama, uba kuma yana ganin rage baki ɗaya a wannan tsadar rahama ce. Iyayena maza, na san halin da ake ciki, ba daga nesa nake magana ba. Amma ku tuna a ƙasar nan ne Babikir Badri ya buɗe makarantar 'yan mata a Rufa'a a 1907, ya fara da 'ya'yansa da na maƙwabta mutane suna zaginsa, daga wannan zuriyar Jami'ar Ahfad ta fito. In aure ya zama dole, a sa sharaɗin ci gaba da karatu a gaban waliyyai, kuma a nemi ajin yamma na mata a unguwa ko da a zauren wani ne.

Duk wannan kuma ba zai tsaya ba in ustaz yana jin yunwa. Malamai sun yi watanni ba albashi, wasu sun koma tuƙa raksha wasu sun ƙetare iyaka, wanda ya rage yana fuskantar aji mai cike da yaran da suka ga abin da babba ma ba ya iya barci in ya tuna. Majalisar iyaye a kowace makaranta ta san wannan, kuma kamar yadda muke haɗa wa faki abin Laraba da hatsin kaka, haka za mu iya haɗa wa ustaza ɗan abin da zai riƙe ta kafin gwamnati ta farfaɗo.

Abu na ƙarshe takardu ne. Abin da yaro ya koya a kasuwa da khalwa yana kansa, amma ba ya buɗe masa ƙofar jami'a ko aiki sai da shahada, shahada kuma tana son takardar haihuwa da lambar ɗan ƙasa. Mun san yadda wasunmu ke shan tambayoyi a wajen fitar da raƙam watani, wato lambar ɗan ƙasan, kawo kakanka kawo shaidu, ko da an haifi kakan nasa a nan, ga shi kuma da yawa sun gudo sun bar takardunsu a gidajen da aka wawashe. Ba a fafe gora ranar tafiya, wanda ɗansa yake aji huɗu ko biyar ya fara bin layin nan tun yanzu, ya tafi da shehun unguwa ko omda, wato dagaci, in ana buƙatar mai shaida, kar ya bari sai an kafe sunayen masu jarrabawa.